WrestleMania da Takobin Nijar: Wa Zai Ajiye Mana Namu Tarihin?

Duk shekara, daga ƙarshen watan Maris zuwa tsakiyar Afrilu, akwai wata gardama da ba ta tsufa a majalisun shayi na Dapoya da sauran unguwannin Hausawan Wagadugu. Gardamar kuwa ita ce ta kac, wato kokowar Amurka da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira resilin, musamman babban taronta na shekara-shekara mai suna WrestleMania. Masu furfura a gemu su ce kac ya mutu tun ranar da su Hulk Hogan da Ultimate Warrior suka bar fili, yanzu saura surutu da wutar ado. Samari kuma su ce tsofaffin nan ba su iya komai ba sai zare ido da yage riga, gwanaye su ne su Roman Reigns da Cody Rhodes. A gidan rediyo ma, da zarar mun buɗe layin waya a shirin wasanni a irin wannan lokaci, sai maganar ta shigo ko ba a gayyace ta ba.

Mu da muka haura arba'in muna tsakiya ne, domin mun ga na da, muna kuma leƙen na yanzu a wayoyin 'ya'yanmu. A ganinmu ɓangarorin biyu duk sun bar jaki suna dukan taiki. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, me ya sa yaron da aka haifa a Dapoya zai iya lissafa maka wasannin Undertaker ɗaya bayan ɗaya, amma in ka ce masa Kantu sai ya ɗauka kantun riɗi kake nufi?

Bari mu fara ba kac haƙƙinsa, don kada a ce ƙiyayya ce ta sa mu magana. An yi WrestleMania na farko ranar 31 ga Maris 1985 a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York, ƙarƙashin Vince McMahon, mai kamfanin da a lokacin ake kira WWF, kafin ya koma WWE a 2002. A wasan ƙarshe na wannan rana Hulk Hogan da ɗan fim ɗin nan Mr. T suka kara da Roddy Piper da Paul Orndorff, kuma shahararren ɗan dambe Muhammad Ali na cikin alƙalan wasan. Bayan shekara biyu, a 1987, aka yi na uku a Pontiac Silverdome ta jihar Michigan, inda Hogan ya ɗaga André the Giant sama ya maka shi da ƙasa. Kamfanin ya ce mutum 93,173 ne suka shiga kallo, ko da yake har yau akwai masu cewa an ƙara gishiri a lissafin. André Bafaranshe ne, shi ya sa mu na ƙasashen da Faransa ta rena muka riƙa jin kamar da ɗan unguwarmu ake yi. A 1990 kuma, a birnin Toronto na Kanada, Ultimate Warrior ya kayar da Hogan, abin da ya raba abokai da yawa a nan gida biyu.

Sai dai mai karatu ya tuna yadda wannan kallo ya riƙa iso mana. A Amurka sai mutum ya biya kuɗi na musamman kafin a buɗe masa wasan a talabijin ɗinsa a daren da ake yi. Mu kuwa ba mu taɓa ganinsa a ranarsa ba, kuma ko dala ɗaya tamu ba ta shiga aljihun McMahon ba. Kaset ne 'yan kasuwa ke shigowa da shi daga Lome ko Kumasi ko Kano, bayan wata da watanni, an kwafa daga kwafe har fuskokin sun dushe. Mai gidan bidiyo ya sa shi tsakanin fim ɗin Indiya da na 'yan karate, mu biya dala biyar ko goma mu zauna a benci, zufa na tsiyaya. Sau da yawa sai mun ga wasan 1990 kafin na 1987, ba mu san wanne ya riga wani ba. Turancin Ingilishi ba ma ji, sai a samu wani mai baki a cikinmu ya riƙa fassara abin da ransa ya raya masa, mu kuwa mu hau mu zauna.

Maganar da dattawanmu suka fi riƙewa ita ce wai kac na da gaskiya ne, na yanzu ne wasan kwaikwayo. Wannan magana ba ta da tushe. Tun a 1989 kamfanin McMahon da kansa ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne da aka tsara, domin ya kuɓuta daga dokoki da kuɗaɗen da ake ɗora wa gasar wasanni ta haƙiƙa. Ke nan a daidai lokacin da muke rantsuwa a gidajen bidiyo cewa Hogan ya fi kowa ƙarfi a duniya, masu abin sun riga sun faɗa wa hukuma cewa tun a ofis ake rubuta wanda zai yi nasara. Abin da ba na wasa ba a ciki shi ne ciwo da mutuwa. Owen Hart ya faɗo daga saman zaure ya mutu a Kansas City a watan Mayun 1999, Eddie Guerrero ya mutu a 2005 yana da shekara 38, Ultimate Warrior kuma ya yanke jiki ya faɗi a Afrilun 2014, kwana uku bayan an karrama shi. Saboda haka kac na jiya da na yau uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mu ne muka girma, idonmu ya buɗe.

To in haka ne, begen me muke yi? Mu dai a fahimtarmu, zaman tare ne ya tafi ya bar mana kewa. A wancan zamani talabijin ɗaya ke tara unguwa, ɗan mahauci da ɗan mai goro da ɗan malam duk a benci guda, Bahaushe da Bamoshe da Bayarabe ihu ɗaya suke yi. Da aka rushe Zangwetin da maƙwabtanta a 2003 saboda aikin ZACA, aka watsa tsohon zangon Wagadugu, wasu suka koma wajen Waga 2000, wasu Nioko, wasu suka raɓu da dangi a nan Dapoya da sauran unguwanni. Gidajen kallo da yawa sun tafi tare da katangun da katafila ta ture, waɗanda suka saura kuma ƙwallon Turai ta mamaye su. Daga baya wayar salula ta zo ta ƙarasa aikin, kowa ya sunkuya a kan tasa, ya sayi mega ya kalli guntun wasa shi kaɗai. Idan dattijo ya ce kac na da ya fi daɗi, galibi abokansa da suka rasu ko suka ƙaura yake tunawa, da unguwar da babu ita yanzu.

Masu WWE sun gane wannan sirri tun da daɗewa, sun kuma mai da shi hajar sayarwa. Ba su yar da komai ba. Da suka saye abokin gasarsu, kamfanin WCW, a 2001, har da rumbun kasa-kasansa suka haɗa, haka kuma suka bi wasu tsofaffin kamfanonin da suka durƙushe suna saye hotunansu. Tun 1993 suka buɗe kundin karrama gwaraza, suka fara da André a shekarar da ya mutu. A 2014 suka kafa tasharsu ta intanet inda mai biyan kuɗin wata zai iya komawa ya kalli kowane WrestleMania tun daga na farko. A Janairun 2025 shirinsu na mako-mako ya koma Netflix, bisa yarjejeniyar shekara goma da ta haura dala biliyan 5 ta Amurka. Duk wanda ya lura zai ga ba a buɗe taron shekara sai an nuna tsofaffin hotuna, an sake nuna Hogan yana ɗaga André, don yaron da ba a haifa ba a 1987 ya ji kamar yana wurin. Da Hogan ya mutu a Yulin 2025 yana da shekara 71, kafin gari ya waye hotunan rayuwarsa sun cika wayoyin Dapoya. John Cena kuwa shekara guda cur aka yi ana sayar da bankwanansa, kafin ya ajiye a Disambar 2025. An kuma riga an sanar cewa taron 2027 a Riyad ta Saudiyya za a yi shi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Undertaker. Daga 1991 ya yi wasa 21 a WrestleMania ba a kayar da shi ba, har sai da Brock Lesnar ya karya lagonsa a birnin New Orleans ranar 6 ga Afrilu 2014. Kowa ya san alƙalami ne ya rubuta nasarorin nan, alƙalami ne kuma ya yanke su, amma duniya ta girgiza, har a nan mun ga waɗanda suka kasa cin tuwo. Dalili kuwa shi ne duk shekara ana ƙirga wa mutane, ana maimaita musu, ana nuna musu na baya, har lissafin ya zauna a ƙwaƙwalwar yara kamar karatun allo. Haka suka yi mana da Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, wanda da farko suka ce ɗan Jamaika ne, sai daga baya suka mai da shi Gana. Ranar 7 ga Afrilu 2019 ya kayar da Daniel Bryan ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe babban kambun WWE. Mun yi murna, kuma murnar ta halatta, domin yaron ya sha wahala shekara da shekaru kafin a ba shi. Amma ba shi ɗin aka yi, a ranar da masu kamfani suka ga dama.

Yanzu mu juyo gida. Mu ma muna da babban taron kokowa na shekara-shekara, kuma ya girmi WrestleMania da shekara goma. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar a Tawa, wadda kowa ya sani da suna Takobi, kuma Yakuba Ango, wanda ake kira Kantu, ɗan jihar Maraɗi, shi ya fara ɗaukarsa. Gasar na zagaya jihohi, yau Dosso, gobe Damagaram, jibi Agadas ko Diffa. Kowace daga cikin jihohi takwas na kawo 'yan kokowa goma, mutum 80 ke nan, a yi kwanaki ana gumurzu har a samu wanda bai faɗi ba, a naɗa masa rawani a miƙa masa takobi. A 'yan shekarun nan a ƙarshen Disamba ake yi. Wanda ya taɓa zama Yamai ko Maraɗi a ranar wasan ƙarshe ya san kasuwa kan yi tsit, tituna su zama wayam. Mu Hausawan Dapoya, da yawanmu asalin iyayenmu Maraɗi ne ko Ƙonni ko Dogon Dutse ko Tawa, wasu Sakkwato da Katsina da Kano, kuma mun tashi mun tarar da iyayenmu sun kafa kunne a rediyo suna kamo Muryar Sahel da ƙyar, kafin zuwan tauraron ɗan adam ya kawo mana Tele Sahel har ɗaki.

Bambancin wannan fili da na Amurka kowa ya san shi. A nan babu ofishin da ke rubuta wanda zai kai labari. Sarkin bara na iya shiga da kirari da makaɗa, wani yaron ƙauye da ba a san sunansa ba ya ɗauke masa ƙafa cikin daƙiƙa goma, shi ke nan sai baɗi in da rai. Shi ya sa abin da Kadri Abdu, wato Issaka Issaka na Dosso, ya yi ya zama abin jinjina. Sau shida yana ɗaukar takobi, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, a gasa ta 44, kuma kowane ɗaya da ƙarfinsa da dabararsa ya ƙwace shi a gaban mutanen da ke neman ganin bayansa. Haka a Senegal, Yekini ya shafe kimanin shekara 15 ba a kayar da shi ba, sai a Afrilun 2012 Balla Gaye na Biyu ya kai shi ƙasa a Dakar. Idan ana maganar jerin nasara da ya cancanci yaro ya haddace, ai waɗannan ne, domin da gumi aka same su.

To amma ina aka ajiye su? Mai karatu ya gwada da kansa. Ya ɗauki waya ya nemi wasan Hogan da André, zai same shi cikin minti ɗaya, tas kamar jiya aka yi. Sannan ya nemi karon Kantu da Salma Ɗan Rani, ko na Kadade ɗan Tawa, ko na Langa-Langa na Damagaram, ya ga irin wahalar da zai sha. Abin da ake tsinta galibi gutsattsari ne da wani bawan Allah ya ɗora a YouTube ko Facebook, babu shekara, babu sunan gari, wani lokaci ma sunayen a karkace. A majalisunmu dattawa biyu za su yi awa guda suna musu a kan shekarar da Balla Haruna ya ɗauki takobi, ko garin da Bindigau na Maraɗi ya yi sarauta, a tashi baram-baram, domin babu wani ɗan littafi a hannun kowa da zai raba gardama. Gaskiya ne Nijar ta kyauta da ta sa wa filayen kokowa sunayen mazan jiya, na Maraɗi sunan Kantu, na Dosso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Amma suna a jikin bango ba ya koya wa yaron Wagadugu yadda mutum ya yi kaye.

Muna da darasi a dambe. Me ya sa har yau Bahaushe ko a ina yake ya san Shago, alhali 'yan kaɗan ne a cikinmu suka gan shi da ido? Saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa, aka naɗe ta, gidajen rediyo suka yi ta sakawa har ta bi fatake zuwa kowane zango. 'Yan dambe nawa ne na zamaninsa da ƙila ba su gaza shi ba, amma da yake ba a naɗi komai nasu ba, sun bi ƙasa da sunayensu? Haka a kokowa, rabin abin da muka sani game da mazan farko daga bakin Sagalo da makaɗa irinsa muka ji shi. Wato na'urar naɗar murya guda ɗaya da aka kunna a kan kari ta yi wa tarihinmu aikin da ɗaruruwan 'yan kallo ba su yi ba.

Kada kuma mu manta a ƙasar da muke ma akwai kokowa mai tushe. Samo na yankin Nayala da Suru sun gaje ta kaka da kakanni, suna yin ta bayan girbi kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa, garin Toma ya yi suna da bikin kokowa da dodanni, kuma a Makon Al'adu na Ƙasa da ake yi a Bobo Julaso duk bayan shekara biyu, filin kokowa na cikin wuraren da suka fi cika. Sunaye irin su Athanase Moussiané da Eloi Zerbo sanannu ne ga duk mai bin wasan a Burkina. Mu nawa ne daga Dapoya muka taɓa taka ƙafa zuwa kallon gasar ƙasa idan an kawo ta Wagadugu? Ga shi matsalar tsaro ta raba mutanen wancan yanki da yawa da garuruwansu, kuma idan ƙauye ya watse, filin kokowarsa da makaɗansa da tsofaffin da suka san tarihinsa duk sun watse. Wasunsu suna nan cikin birnin nan tare da mu, babu wanda ya je ya zauna da su da rakoda.

Mu mutanen Dapoya ya kamata mu fi kowa sanin cewa ajiya ba ta jira. Ranar 1 ga Satumba 2009 ruwan da ya haura milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin yini guda, madatsun ruwan da ke gefenmu suka tumbatsa, gidajen ƙasa suka zube, asibitin Yalgado ya cika da ruwa. A wannan rana hatta rumbun finafinan Afirka na FESPACO, wanda ƙwararru ke kula da shi, sai da ruwa ya shige shi ya lalata kaya masu yawa. In haka ta faru da ma'ajiyar hukuma, ina ga kwalin kaset da ke ƙarƙashin gadon wani tsoho? Allah kaɗai ya san muryoyi da hotunan da laka ta cinye a unguwar nan a wannan safiya. Abin da ya tsira kuma zafi da ƙura da gara suna nan suna cinsa a hankali.

Mun san akwai masu ja da wannan magana. Wasu za su ce talauci ne, ina mu ina kamfanin da ke juya biliyoyi. Amsarmu ita ce wayar da yaro ke kallon Roman Reigns da ita, ita ce dai za ta iya naɗar hirar kakansa, kuma mayar da tsohon kaset cikin kwamfuta bai kai kuɗin ɗinkin shadda ɗaya ta Salla ba. Wasu kuma, musamman cikin malamanmu, za su ce kokowa cike take da layu da guraye da surkulle. Wannan gaskiya ne, kuma wa'azi a kansa ya dace, sai dai malaman nan da kansu kan kawo labarin kokowar Manzon Allah (SAW) da Rukana don nuna asalin wasan ba laifi ba ne. Sannan wanda ya bar ɗansa ya kwana yana kallon mutum na fitowa daga akwatin gawa cikin hayaƙi, ga mata rabin tsirara, bai kamata layar ɗan kokowa ce kaɗai za ta tsone masa ido ba. Akwai kuma masu cewa yaran zamani sai abu mai ƙyalli. To me ke jan su a kac in ba shigowa da kiɗa da cika baki da laƙabi ba? Ai wannan shi ne ganga da kirari da taken da kowane ɗan kokowa ke da shi tun kafin a haifi McMahon. Kayan muna da su, jera su ne ba mu yi ba.

Saura batun kuɗin kallo. A Senegal masu shirya manyan karo sun fara sayar da kallo ta intanet, musamman ga 'yan ƙasarsu da ke zaune a waje, kuma mun ji wasu na cewa a yi wa Takobi haka. Mu ba mu goyi baya ba. Darajar Takobi ita ce talaka da mai kuɗi, na birni da na ƙauye, na gida da na zango, duk lokaci guda suke ganin kaye. Ranar da aka kulle shi sai mai kati, an cire masa rai. Sannan duk inda kuɗi ya yi yawa a kan sakamakon wasa, to a yi hattara, domin daga nan ne ake fara jin ƙishin-ƙishin ɗin sayar da kaye, kuma da zarar jama'a sun fara zargin an shirya faɗuwa, kokowa ta zama kac maras wutar ado. A bar kallo kyauta. Inda ake buƙatar kuɗin attajiranmu shi ne wajen ajiya, kuma 'yan kasuwar da ke iya yi wa ɗan kokowa kyautar babur ko kujerar Makka a fili ba za su gaza ɗaukar nauyin wannan ba.

Saboda haka muna kira ga gidan rediyo da talabijin na Nijar da hukumar kokowar ƙasar, su buɗe rumbunsu, su fito da abin da ya saura na tsofaffin gasa, a gyara, a rubuta wa kowane wasa shekara da gari da sunaye, a sa inda kowa zai gani. A buga ɗan littafi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci mai jerin sarakunan takobi tun daga 1975, mai araha, wanda za a iya samu a tasha. Irin wannan kira muke yi ga gidan RTB da hukumar kokowa ta Burkina game da nasu mazajen.

Mu 'yan rediyon al'umma kuma, aikin ya fi hawa kanmu, domin mu ne ke shiga gidaje da harshen da tsofaffi ke ji. Rabin awa a mako ya isa a gayyato waɗanda suka yi kokowa a ƙuruciyarsu ko suka halarci gasar farko-farko, a naɗi bakinsu, a ajiye kwafe a wuri fiye da ɗaya. A yi shela duk mai tsohon kaset na kokowa ko dambe ko waƙar maza ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa. Sarkin zango da ƙungiyoyin matasa da na 'yan kasuwa su nemi izinin hukumomin birni, idan Disamba ta zo a kafa babban allo a fili ranar wasan ƙarshe na Takobi, a shimfiɗa tabarmi, yaro ya zauna kusa da kakansa ya ji bayanin kowane kamu. In da hali, bayan girbi a zuba rairayi a yi kokowar sada zumunci tsakanin samarinmu da na Samo da ke zaune a birnin nan, da alƙali da mai ba da agajin gaggawa. Ko ba komai, ya fi yaro ya hau katanga ya diro a wuyan ƙaninsa don kwaikwayon abin da ya gani a waya, wanda masu yin sa ma sai da suka yi shekaru suna koyo kuma duk da haka suna karyewa.

Ba mu ce kowa ya daina kallon WrestleMania ba, mu ma idan an saka za mu leƙa, kuma gardamar Hogan da Roman Reigns ba za ta ƙare ba. Abin da muke tsoro shi ne nan da shekara ashirin, lokacin da samarin yau za su zama masu furfura, a tambaye su mazan jiya su rasa sunan da za su kama sai na mutanen Florida. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsofaffin da suka ga Kantu da idonsu suna nan da sauransu a Dapoya, amma kullum raguwa suke yi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon zuwa wurin waɗanda suka rage tun suna iya magana.